Kason da Ba a Sara

Ranar da Genival ya koro shanunsa cikin dajin ƙanwarsa, ko sallama bai yi ba. Durvalina tana tsugune a garke tana tatsar akuya ta ji kukan babur, sannan ta ji ana datse waya. Kafin ta ajiye kwanon nonon ta zagayo, shanu sun riga sun kwararo ta inda aka yanke shingen, ramammu, haƙarƙari a waje, suna ture juna suna wawurar busasshen ganyen da ke ƙasa. Genival yana zaune a kan babur ɗinsa, hular fata a ƙeya, filaya a hannu.

"Genival, mene ne haka?"

"Idonki ya samu matsala ne, Duva? Shanu ne."

"Na ga shanu ne. Me suke yi a kasona?"

"Abin da awakinki suke yi. Haba, kwana biyu ne fa. Da an yi ruwa zan kwashe kayana."

Wane ruwa? Ranar Waliyyi Yusufu ta zo ta wuce sama tana fes, an yi addu'a, an zaga da gunkinsa har ƙafafun tsofaffi suka kumbura, ko ɗigo bai sauka ba. A nan ƙauyukan jihar Bahia ko yaro ya san abin da wannan yake nufi: shekarar ta tafi, sai kuma tsawar ƙarshen shekara in Allah ya kai mu. Genival ya sani, Durvalina ta san ya sani. Ya tayar da babur ya bar ta tsaye da ƙura.

Yadda kason nan ya zama nata ma abin takaici ne. Doka ta ce duk mai fili ya bar kashi ɗaya cikin biyar a matsayin daji, kada gatari ya taɓa shi. Doka ce mai kyau, ba wanda ya ce a'a. To da mahaifinsu ya rasu, Genival ya ce raba takardar fili ɓata lokaci ne, a bar shi dunƙule da sunan gida. Ya je ofishin daji ya nuna musu gefen duwatsu, inda ɗakin Durvalina yake, ya ce ga kason da gidansu ya bar wa doka. Bai ko ɓoye ba, a gaban tsohuwarsu ya faɗa mata: "Ke ce mai son itatuwa, to ga su nan an ba ki." Sauran kashi huɗun ya sa katafila ta kwantar da su, ya sayar wa masu gasa bulo itacen, ya shuka ciyawar shanu. Wato ya sare nasa hankali kwance saboda nata yana tsaye, ita kuwa ko gonar wake ba ta da ikon sharewa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ta haɗiye, don ba ta da mai tsaya mata. Mijinta ya tafi birnin São Paulo neman aiki tun da daɗewa, bai sake waiwayowa ba. Sai ta koyi zama da abin da daji yake bayarwa ba tare da an sare shi ba. Da rani itatuwa su kaɗe, daji ya yi fari fat kamar ya mutu, amma ganyen da ya zube shi ne abincin awaki har damina ta dawo. Akwai wani kwarmin dutse da yake riƙe ruwa. Akwai bishiyoyin umbu, da take tsinkar 'ya'yansu ta kai wa ƙungiyar matan da suke dafa su da sukari. Awakin nan su ne nononta, su ne namanta, su ne abin da ya sa ba ta taɓa miƙa hannu a ƙofar wanta ba. A shekarar fari da ƙyar dajin yake ɗaukarsu su kaɗai, balle a ɗora masa garken shanu.

Da yamma ta taka zuwa babban gida. Dona Filomena, mahaifiyarsu, tana kan kujerarta mai lilo a baranda, carbi a cinya, rediyo a gefe.

"Sa mini albarka, Mainha," in ji Durvalina, yadda muke kiran uwa a nan.

"Allah ya yi miki albarka. Kin rame. Ba kya cin abinci ne?"

"Genival ya yanke mini shinge, ya zuba shanunsa a dajina."

"Na ji." Tsohuwar ta ci gaba da lilo. "To ina kike so ya kai su? Ciyawarsa ta ƙone ƙurmus."

"Ni na ce ya tone itatuwansa har saiwa?"

"Kada ki ɗaga mini murya. Ubanku bai taɓa sa waya tsakanin 'ya'yansa ba."

"Ai ba ni na sa wayar ba, Mainha. Shi ya sa ta, don kada awakina su shiga ciyawarsa."

Dona Filomena ta rage sautin rediyo, ta dubi 'yarta irin duban da ake yi wa yaro mai naci. "Maganin hawan jinin da nake sha, wa yake saya? Awakinki? Shanun nan su suke riƙe da gidan nan, Duva. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ni ban ma san abin da kike yi a cikin duwatsu ke kaɗai ba. Ga ɗakin baya nan babu kowa. Matar yayanki tana wuni a shago, ko mai ɗaga ni zuwa wanka ba ni da shi."

Durvalina ta ɗaga tsohuwar ta kai ta wanka, ta dafa mata dambun masara, ta koma ɗakinta ba tare da an sake tayar da maganar ba.

Kwana biyun Genival suka zama wata, watan ya haifi wani. Akuya takan tsinci ganye ɗaya bayan ɗaya, saniya kuwa shara take yi, abin da ba ta ci ba ta tattake shi ya zama gari. Ba a jima ba ƙasan dajin ta koma tsirara. Shanun suka shiga kwarmin dutsen har gwiwa, suka dama ruwan da kashi da fitsari, ya yi kore yana wari, awaki su sunsuna su juya. Durvalina ta fara raba musu ruwan tankin simintinta, wanda ita kanta shi take sha, tana auna musu da gwangwani. Nono ya ƙafe a hantsar uwaye. 'Yan ƙananan suka fara mutuwa, ta riƙa tarar da su da safe a jikin bango, ungulaye suna jira a kan dutse.

Abin da take ajiyewa don ƙarshen wuya shi ne mandakaru, dogayen tsiron nan masu ƙaya da ruwa a ciki. Kowa ya san yadda ake yi: ka yanki reshe ɗaya biyu, ka babbake ƙayar a wuta, ka sassara wa dabba, ka bar uwar ta sake tofo. Genival ya kawo 'yan ƙwadago da adduna suka riƙa kwantar da su daga gindi, suna lodawa a keken jaki.

"Ko reshe ku bar mini, don Allah."

"Duva, kin cika ƙorafi," in ji Genival. "Ƙaya ce fa. Tun da aka halicci duniya take fitowa da kanta."

Ranar kasuwa ta shiga motar madara ta tafi gari, ta nemi ofishin daji. Ta zauna a benci tun safe har rana ta take, sannan wata yarinya mai farce ja ta kira ta.

"Filin da sunan wa yake?"

"Da sunan gida."

"Shanun na wa ne?"

"Na wana."

Yarinyar ta ajiye biro. "Dona Durvalina, wannan ai maganar cikin gida ce."

"Da aka hana ni sara, ba a ce maganar cikin gida ba ce."

Ana haka malamin daji ya fito daga ciki. Sunansa Laércio, amma a wajenmu duk mai riga da guga da motar gwamnati Dakta ne. Mutum ne mai sanyin magana, idanunsa sun nuna gajiya. Ya saurare ta har ƙarshe, ya girgiza kai, ya ce abin bai dace ba ko kaɗan. Sannan ya ce shi kaɗai ne a kan yankin da sai ka yi wuni biyu ba ka ƙure shi ba, motar ofis kuma tana jiran mai.

"Amma zan zo, Dona Durvalina. Ki yi haƙuri."

Ta yi haƙuri. Ta sake komawa, aka ce ya tafi taro a babban birni kan yadda za a ceci daji. Ta kuma komawa, aka ce motar tana wajen makaniki. Garinmu kuwa ba ya riƙe magana, tun zuwanta na farko labari ya riga ta isa gida. Genival ya tare ta a bakin hanya, jijiyar wuyansa a tashe.

"Ni kika kai ƙara? Ni? Cikinmu ɗaya fa!"

"Da ka tuna da haka ranar da ka zo da filaya."

"To ki je. Ki kira har shugaban ƙasa, in ga ko shi zai ba shanuna ciyawa."

Daga nan Dona Filomena ta daina amsa mata gaisuwa da baki, sai dai ta ɗaga hannu. Ta aika aka gaya wa maƙwabta cewa 'yarta ta tona asirin gida a gaban baƙi.

Wata safiya Durvalina ta bi sawun keken jaki zuwa cikin daji, ta ji bugun diga. Ta bi ƙarar har gindin wani umbu. Umbu ba ya mutuwa a fari, saboda a ƙarƙashin ƙasa saiwarsa tana da manyan ƙullutu cike da ruwa, da su yake rayuwa har ya yi fure tun kafin a yi ruwan sama. Su ake haƙowa. An zagaye bishiyar da ramuka, 'yan ƙwadago suna ciro ƙullutun suna jefawa gefe, Genival yana durƙushe yana faskara su da adda yana tura wa wata saniya da ta kasa tashi.

"Budurwa Maryamu! Genival, umbu?"

Bai ɗago ba. Idanunsa sun yi ja, leɓensa ya tsage, da gani shi ma ba ya barci. Ya shafa wuyan saniyar yana yi mata magana a hankali kamar jaririya.

"Baba ko reshensa bai taɓa bari an karya ba," in ji Durvalina.

"Baba bai ga irin wannan farin ba."

"Ya gani. Kuma bai haƙa ba."

"Bishiya ba ta kuka, Duva. Wannan tana kuka, kin ji ta? Ki bar ni in ji da abin da yake damuna."

"Bishiyoyin nan za su mutu. Ba bana ba, baɗi. Da me zan ci?"

"Akwai abinci a gida. Wa ya taɓa hana ki?"

Ga abin da ya fi ƙona rai a lamarin Genival: bai taɓa jin cewa yana zaluntar kowa ba. A ganinsa mutum ne da yake ceton dukiyar gida, da ƙanwa mai taurin kai da ta fifita awaki da itace a kan 'yan'uwanta. Da mugu ne da ya san kansa, da an san yadda za a yi da shi.

A ranar, Durvalina ta koma ɗaki ta ɗauko gatarin mahaifinta, wanda ya yi shekaru a rataye. Ta san doka sarai, ita ce ma ta fi kowa kiyaye ta a duk yankin. Amma akwai wani lungu kusa da garke da shanu ba su gama da shi ba, da sauran bishiyoyin umbu da diga ba ta kai gare su ba. Ta shiga sarar ƙananan itatuwa tana yin dirkoki, tana kafawa, tana cusa ƙaya a tsakani. Kwanaki tana yi ita kaɗai, tafin hannunta ya fashe, ta naɗe shi da tsumma ta ci gaba. Da ta gama ta shigar da abin da ya rage na awakinta ciki, ta zauna a bakin shingen da gatarin a cinya, tana jiran wanda zai zo ya taɓa.

Genival ya zo, ya tsaya ya dubi shingen, ya dubi kututturan da ta bari farare. Ya yi ɗan murmushi ya juya.

Bayan kwana kaɗan manyan motoci suka zo suka kwashe shanun kaf, aka kai su filin surukinsa can bakin kogi. Ashe wurin yana nan tun farko, kuɗin haya ne Genival ba ya so ya biya. 'Yan ƙwadago suka cike ramukan gindin umbu, suka ja ƙaya a kai, suka ɗaure wayar da aka yanke. Durvalina ta ɗauka Allah ne ya taɓa zuciyar wanta. Sai da saƙon Dona Filomena ya iso ta gane: motar ofis ta samu mai, Dakta yana tafe, a babban gida zai ci abincin rana. Tsohuwar ta ce a gaya wa Duva ta kawo taure, don baƙo ba ya zuwa gidan nan a ba shi wake da garin rogo kawai.

Ta kai. Ta zaɓi wanda ya fi sauran ɗan nama, ta ja shi da igiya har gidan, ita ta gyara naman, ita ta dafa. Tana jin su a baranda suna dariya, Genival yana ba Dakta labarin yadda gidansu ya bar kason doka tun kafin maƙwabta su san akwai dokar. Sai da aka sha kofi da mazarƙwaila sannan aka fita duba daji.

Dakta Laércio ba makaho ba ne. Ya ga busasshen kashin shanu ko'ina, ya ga gindin mandakaru, ya taka inda aka cike rami ƙafarsa ta nutse. Fuskarsa ta ɓaci.

"Seu Genival, shanu sun shiga nan."

"Sun ɓalle mini sau ɗaya biyu, Dakta. Dabba mai yunwa, wa yake iya mata? Da na ga haka ai na kwashe su da kuɗina."

"Ƙarya ne!" in ji Durvalina. "Watanni suka yi. Shi ya yanke wayar da hannunsa, shi ya haƙe umbu!"

"Na ji ki, Dona Durvalina. Ban ce kin yi ƙarya ba." Dakta ya share gumi. "Amma ni abin da na tarar nake rubutawa. Shanun suna ina? Wa zai tsaya ya ce ya gani?"

Ta duba. 'Yan ƙwadagon suna can nesa a inuwar mota, sun sunkuyar da kai. Gobe ma a wajen Genival za su nemi aiki.

Suka iso lungun da ta killace. Dakta ya tsaya a kan kututturan, ya shafa ɗaya da yatsa, ɗanye ne har yana danƙo.

"Wannan fa, wa ya sare?"

"Ni ce."

"Kin san nan kason da ba a sara ne?"

"Na sani. Na zo wajenka sau uku, Dakta."

Ya kau da kai. Ya dubi awakin da suke cikin shingen, sun miƙe a kan ƙafafun baya suna ɓare ɓawon wani ƙaramin itace, don ba abin da ya rage musu.

"Ba zan ci ki tara ba. Na ga halin da kike ciki, kuma ni ma ina da uwa. Amma dajin nan ya kai gargara. In ba a bar shi ya huta ba, nan da 'yan shekaru dutse kawai za a tarar. Za a rufe shi. Ofis zai ba da waya. Ba saniya, ba akuya, ba jaki, har sai ya farfaɗo."

"Har yaushe?"

"Shekaru. Ba zan ce miki kaɗan ba."

"Awakina fa?"

"Ai fili ɗaya ne. Ki mai da su ɗaya ɓangaren."

Dukkansu suka juya suka dubi ɗaya ɓangaren ta bayan waya. Jar ƙasa ce shimfiɗe har inda ido ya tsaya, ba inuwa, ba tsinke, iska tana wasa da ƙura a kai.

"A'a fa, Dakta," in ji Genival. "Da an yi ruwa zan sake shuka ciyawa. Akuya ba ta barin tsiro ya kai ko'ina, kai ma ka sani."

"To wannan kuma ku daidaita a tsakaninku," in ji Dakta. "Maganar cikin gida ce."

Gaskiyar Dakta, dajin yana bukatar hutu. Ba wanda ya fi Durvalina sanin haka, ita da ta yi watanni tana roƙon a zo a duba. Amma wanda ya gajiyar da shi ya tsaya a gefe yana sa hannu a matsayin mai kula da filin gida, wadda ta raine shi kuma aka ce ta fitar da dabbobinta. Da motar ta tashi, Genival ya matso kusa da ita yana sakace haƙori.

"Ke kika kira shi, Duva. Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka."

Mahaucin gari ya zo da kansa, ta ƙi sayar masa da awakin. Ta taka ta tsallake tudu zuwa wajen Seu Tibúrcio, wani dattijo a ƙauyen da har yanzu suke kiwo a makiyaya ɗaya ba waya a tsakani. Ya taya da araha, shi kansa yana jin kunya, ta sallama. Ita dai su rayu. Ta raka su har garkensa, tana gaya masa wadda ba ta son a taɓa mata kunne da wadda take haihuwar tagwaye, har ya ce mata, "Dona Durvalina, ki tafi haka nan, kada rana ta faɗi miki a hanya."

Ba wanda ya kore ta daga ɗakinta. Amma ɗaki ba nono, ba nama, ba gona, me mutum zai zauna ya ci? Ta naɗe ragar kwanciyarta da tukwane biyu ta koma ɗakin baya na babban gida. Dona Filomena ta dawo da amsa gaisuwa da baki. Durvalina ce mai ɗaga ta, mai wanki, mai girki, mai share baranda. In baƙi sun zo, tsohuwar takan ce, "Ai Duva ta yi hankali ta dawo gida." Ofis ya kawo wayar, aka kewaye dajin, aka kafa allo a bakin hanya mai ɗauke da sunan Genival da godiya a kan kiyaye daji.

Ƙarshen shekara tsawa ta zo, ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya. Dajinmu ba ya jinkiri, cikin 'yan kwanaki farin nan ya rikiɗe ya zama kore shar, kwaɗi suka cika duniya da kuka. Shanun Genival suka dawo daga bakin kogi da ƙiba. Wata safiya, bayan ta gama wa tsohuwa wanka, Durvalina ta ce bari ta je ta duba ko rufin ɗakinta ya yi yoyo.

Tun daga nesa ta ji kukan awakinta. Ta ɗauka kunnenta ne. Da ta ƙaraso sai ga su a jikin sabuwar wayar, daidai inda hanyar garke take a da, sun jeru suna tura kai. Sun tsallako tudun da kansu, sun bi ƙamshin ruwa sun dawo gida. Wasu ƙanana har sun kutsa ta ƙarƙashi suna cin sabon tofo. Uwar garken ta ɗago kai ta gan ta, ta saki wani irin kuka, gaba ɗaya suka yo kanta a guje. Suka kewaye ta suna cusa baki a tafinta, suna jan bakin siket ɗinta. Ta durƙusa a cikin taɓo ta rungume wuyan uwar, tana kiransu ɗaya bayan ɗaya, tana dariya hawaye yana zuba.

Ba ta ji zuwan babur ba. Genival ya tsaya a bayanta, bindigar farauta a rataye a kafaɗa.

"Dakta zai zo duba waya cikin satin nan. Sunana ne a allon can, ba zan ji kunya saboda awaki ba."

"Zan mai da su wajen Seu Tibúrcio."

"Gobe su dawo. Muddin sun san kina nan, dawowa za su yi ta yi. Ki kore su yadda ba za su sake marmarin wurin nan ba, ko ni in yi maganinsu." Ya taɓa bindigar. "Doka ce, Duva, ba ni ba."

Ta miƙe. Ta fito da ƙananan daga cikin wayar, ta kora su gaba ɗaya zuwa gindin tudu, ta daka musu tsawa, ta juyo. Suka biyo ta. Ta kaɗa musu reshe, suka tsaya suna kallonta, uwar ta matso tana lasar gishirin hannunta. Genival ya sauke bindigar daga kafaɗa.

Sai Durvalina ta sunkuya ta ɗauki dutse. Na farko ta jefa shi gefe, ba wadda ta motsa. Na biyu ya samu uwar a haƙarƙari. Akuyar ta yi tsalle ta koma baya, ta tsaya tana dubanta, ba ta gane ba. Durvalina ta sake ɗauka, ta sake ɗauka, tana jifa tana zaginsu da muryar da ba su taɓa ji a bakinta ba, tana bin su har kan tudun. Duk wadda ta waiwayo sai ta same ta. Ba ta daina ba sai da ta ga in ta ɗaga hannu kawai suna zabura su ruga. Ta tsaya a nan har suka ɓace a cikin kore, ba wadda ta sake waiwaye.

Da ta shigo gida, ƙafa duk taɓo, Dona Filomena ta rage sautin rediyo ta dubi inda rana take.

"Ina kika tsaya ne, Duva? Har yanzu ba ki ɗora wake ba, ga yayanki ya kusa dawowa."